Saƙon da Ban Isar wa Lawali Ba

Yanzu idan ana tseren motoci a talabijin, jikokina a nan Damagaram sukan ƙara murya don su ji abin da ake faɗa wa direba a kunne. Mutum yana gudu kamar harsashi, wani kuma yana zaune a inuwa yana ce masa ya sassauta, ya bar abokinsa ya wuce. Direban ya yi gardama, duniya duka tana saurare, yara su yi ta dariya suna cewa wane ya ƙi jin magana. A zamanin da na yi wannan aiki, a ajin tseren da muke, babu na'ura a kunnen kowa. Allo ne baƙi, ana zura masa lambobi da haruffa, mutum ya miƙa shi ta saman katanga daidai lokacin da mota za ta gifta. Duk abin da za a faɗa wa direba bayan ya tashi ta wannan allo zai bi, kuma daƙiƙa ɗaya gare shi ya karanta. Maganar da ta fi ƙarfin allo sai a faɗa masa tun yana ƙasa. Shekara biyu ni ne mai riƙe allon. Shi ya sa idan yaran suka fara dariyarsu nakan tashi in koma zaure.

Na sauka Paris a farkon shekarun 1990, shekaruna hamsin saura kaɗan. Kafin nan na yi shekara ashirin da biyar ina jan kamyo, wato babbar motar kaya: Kano zuwa Agadas, Arlit, Tamanrasset, har bakin teku a Alje, wani lokacin Sabha, wani lokacin Kwatano da Legas. A hanya na tsinci Tamashek da Larabci da Turancin tasha, Faransanci kuwa tun lakwal, wato makarantar boko. Da tawaye ya rufe hanyar arewa, motoci suka tsaya, mu ma muka tsaya. Ina da wata ƴar takarda da wani Bafaranshe ya rubuta mani adireshinsa ranar da na ciro shi daga rairayi kusa da Dirku, ya ce duk ranar da na zo ƙasarsu aiki yana jirana. Na je adireshin kwana biyu da saukata. Kantin takalma na tarar, kuma matar da ke ciki ba ta taɓa jin sunansa ba.

Daga nan sai unguwar Barbès, ƙarƙashin gadar metro, jirgin ƙasan cikin gari, inda duk baƙon da ya rasa ta yi yake ƙarewa. A can wani mutum mai kwat mai kyau ya ji ina tambayar hanya, ya juyo ya gaishe ni da Hausar garin Tawa. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da damina, har na ji ƙafafuna sun taka ƙasa. Ya ce farmina, wato lasisin tuƙi, ba ya aiki a nan sai an canza shi, amma yana da mutum a buro, wato ofishin da ake canzawa, mako guda ya isa. Na ciro farmin daga cikin leda na ba shi da hannu biyu. Kwana tara ina zuwa gidan shayin da ya ce mu haɗu, ina zama kusa da ƙofa. An taɓa cutata a Legas, an cuce ni a Sabha, amma da harshen wasu. Wannan ne karo na farko da aka cuce ni da Hausa. Tun daga ranar ban sake riƙe sitiyari a Faransa ba.

Na samu wurin kwana a La Courneuve, hawa na goma sha ɗaya, ɗaki ɗaya da mutanen Mali uku. Na'urar hawa ta fi kwana a lalace, sai matakala. Da asuba in je sauke akwatunan kayan lambu a kasuwa, da rana in wanke kwanoni. Sanyi bai dame ni kamar rashin gaisuwa ba. A Tamanrasset gaisuwa takan kai tsawon shan shayi, a Legas ko da zagi ne wani zai kula ka. A wannan bene kuwa sai ka haɗa kafaɗa da mutum a matakala wata shida, idonsa a kan takalminsa.

Wata Asabar na je kasuwa a Stains, nan kusa da mu, na ji wata dattijuwa tana juya kifi tana mita ita kaɗai, wai wannan ko kyanwa ba za ta ci ba. Hausar Damagaram ce tsantsa. Na daɗe a tsaye ina tunanin mai kwat kafin in yi sallama. Sunanta Hajiya Rabi, ƴar unguwar Birni ce, ni ɗan Zango, kuma ashe ta san gidanmu. Mijinta ya rasu, a da shi direban ma'aikatan jakadanci ne. A ranar ta sa na bi ta gida, ta tuƙa tuwo da miyar kuka. Na ci kaina a sunkuye don kada a ga idona.

Ina cikin ci wani saurayi ya shigo, siriri, wuyansa kauri kamar na ɗan kokawa. Hajiya ba ta kama sunansa, ɗan fari ne, sai ta ce, “Ga babban nan.” Shi ne Lawali, shekararsa ashirin da bakwai. Tun yana ƙarami ubansa yake kai shi filin ƙananan motocin tsere duk Lahadi, har ya ci wata gasar matasa da ta ba shi kujera a wata ƙungiya a Lyon. Da ya ji ni ɗan garin uwarsa ne, nan take ya mai da ni kawu.

“Kawu, an ce kai ma direba ne. Gudu nawa kake yi?”

“A rairayi? In Allah ya taimaka, arba'in.”

“Arba'in! Kawu, ai wannan ba tuƙi ba ne, rakiyar gawa ce.”

“Ni dai duk wanda na ɗauka na kai shi inda za shi. Kai fa, an ce inda ka tashi nan kake dawowa.”

Ya yi dariya har da buga tebur. Bayan wata biyu ya kira gidan Hajiya ya ce a faɗa mani in hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, patron ɗinsu, wato mai ƙungiyar, yana neman mai wanke taya, kuma zai yi mani takardar zama.

Garejin yana bayan gari, cikin unguwar masana'antu, inda hazo yake kwana har hantsi. Wani tsohon makaniki ɗan Aljeriya, Ammi Sa'id, ya ba ni ɗaki a saman gidansa da rigar sanyin ɗansa. Muna Larabci da shi, idan ya ga na yi shiru da yawa sai ya tura mani kofin shayi ba tare da tambaya ba. Aikina wanke ƙafafun mota, jera tayoyi, loda kamyo. Idan za mu filin tsere in zauna kujerar dama ina kallon wani yana cin zalin giyar mota, ban da ikon cewa komai. Da Patron ya lura hannuna ba ya rawa kuma ba na ruɗewa da lamba, sai ya ba ni allon Lawali.

Patron Rene gajere ne, mai furfura, shi ma tsohon ɗan tsere. Ba mugu ba ne, ina so a san wannan. Motoci biyu gare shi, launi ɗaya. Ɗaya ta Lawali, ɗaya ta wani saurayi mai suna Sedrik. Sunan da aka rubuta da manyan haruffa a jikin motocin biyu, da kamyon, da rigunanmu, sunan kamfanin uban Sedrik ne. Sedrik yana da ladabi, yana gaishe ni kullum, kuma ya iya tuƙi. Lawali dai ya ɗan fi shi, da abin da bai kai ƙiftawar ido ba, amma a wannan sana'a ƙiftawar ido ita ce komai.

Na san ayari. A hamadar Tenere idan madugu ya ce kada kowa ya wuce na gaba, ba a tambayar dalili, don wanda ya bar sawu shi ake tsinta bayan wata uku. Umarnin madugu na tsare rai ne. A nan kuwa na ga wani irin ayari, inda za a ce wa mai sauri ya jira marar sauri saboda fentin da ke jikin mota. Na tambayi Ammi Sa'id ko a ƙaramin aji ne kawai ake haka. Ya ce, “Ya akhi, har can sama, inda duniya take kallo. Sai dai can direban yana kuka ne a cikin jirgin sama nasa na kansa.”

Lawali ya san duk wannan, amma yana da zafin kai. A tsakiyar shekara Patron ya taɓa yi masa wata magana a gaban makanikai, suka yi ta ihu har aka shiga tsakani. Daga nan Patron ya daina yi masa magana mai nauyi kai tsaye.

Tseren ƙarshe na shekara a wani tsohon fili aka yi shi, kudu da Paris, ganye ya fara zuba. Sedrik da wani direba na wata ƙungiya ne ke neman kambun shekara. Lissafin ba shi da wuya: idan Sedrik ya zo na ɗaya kambu nasa ne, idan ya zo na biyu ɗayan yana bayansa, ya rasa. Ranar Asabar aka yi gwajin gudu don a san jerin tashi. Lawali ya zo na ɗaya, Sedrik na biyu.

Da la'asar Patron ya kira ni bayan kamyo. Yana riƙe da wani kati kore, babu rubutu a jikinsa.

“Habu, Lawali yana jin maganarka. Idan ni na faɗa masa, faɗa za mu yi. Ka faɗa masa da harshenku. Gobe idan yana gaban Sedrik kusa da ƙarshe, zan sa ka zura wannan a ƙasan allo. Da ya gan shi ya ba da hanya. Ba na son rubuta suna, mutane suna kallo.”

“In ya yi fa?”

“Kujerarsa ta baɗi tana nan, kuma cikin sanyin nan zan kai shi gwaji a aji na gaba, na riga na yi magana da su. In bai yi ba, ba ni zan kore shi ba, wanda ya fi ni ne. Shekararsa ashirin da bakwai, Habu. Babu wata ƙofar bayan wannan.”

Na karɓi katin na sa a aljihu.

Dole in tsaya nan in faɗi wani abu, ba don in wanke kaina ba. A wurinmu direbobin arewa akwai doka da ba a rubuta ba: ba a tarar mai tafiya da mugun labari. Ina yaron mota a Arlit na ga an zo an faɗa wa wani direba rasuwar mahaifiyarsa, injinsa yana kunne. Ya ja mota. Kafin Asamaka ya kife da mutane a saman kaya. Ni da kaina na taɓa ɗaukar labarin rasuwar ƴar wani abokina tun daga Agadas har Tamanrasset, kwana huɗu muna ci tare muna salla tare, ban faɗa masa ba sai da ya kashe mota, ya yi wanka, ya ci abinci. Ya yi kuka, sannan ya gode mani. Da wannan na girma, kuma har ranar ban taɓa ganin inda ya ɓaci ba.

Na sami Lawali da yamma yana cin abinci da makanikai, yana kwaikwayon yadda Sedrik yake riƙe cokali, shi ma Sedrik yana dariya. Na ce ba a ɓata wa mutum abinci, bari ya gama. Da ya gama wasu ƴan jarida suka ja shi. Na ce da safe.

Da safe sai ga bas daga Stains, cike da mutanenmu, mata da atamfa a ƙarƙashin rigunan sanyi, har da wasu ɗalibai ƴan Nijar da wani ma'aikacin jakadanci abokin marigayi uban Lawali. Hajiya Rabi ce ta fara saukowa. Ba ta taɓa zuwa kallonsa ba, takan ce ba za ta je ta ga ana wasa da ajali ba. Lawali ya taho da gudu cikin kayan tsere, ya durƙusa a kan kwalta a gaban Turawa ya gaishe ta. Ita kuma ta kau da kai tana kallon wani wuri, tana cewa, “To, to, tashi, Allah ya tsare.”

Saura kaɗan a fitar da motoci na tare shi a ƙofar gareji, hular kwano a hannunsa.

“Lawali, ina da magana.”

“Faɗi, Kawu.”

Na dube shi. Fuskarsa a sake, kamar ta yaro ranar salla. Nan da minti ashirin zai shiga kwana da gudun da ban taɓa yi ba a rayuwata. Hannuna yana kan katin a cikin aljihu, sai na ga motar nan ta Arlit a raina, ƙafafu a sama.

“Ka yi bismilla kafin ka tashi.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan.”

“Kawu, kai ma tsoro kake ji? Arba'in zan yi, kada ka damu.”

Ya sa hula. Daga can ƙarshen gareji Patron ya ɗaga mani gira, yana tambaya ko an yi. Na gyaɗa masa kai. Lissafina shi ne Sedrik ya fi Lawali iya tashi, sau da yawa yakan wuce shi kafin kwanar farko. Idan haka ta faru, babu kati, babu saƙo, kowa ya koma gida da mutuncinsa. Na bar wa Allah aikin da aka ba ni.

A ranar nan Lawali ya yi tashin da bai taɓa yin irinsa ba. Kafin zagaye na biyar ya ba Sedrik tazarar da ake gani da ido, Sedrik kuma yana fama da abokin hamayyarsa a bayansa. Ina miƙa allo ina janyewa. Saura zagaye biyar Patron ya taɓa kafaɗata. Na zura katin kore, na miƙa. Lawali ya wuce kamar an tsaga ƙyalle, sautin injinsa bai canza ba. Zagaye na gaba haka. Na gaba ma haka. Patron ya dube ni, ni kuma ina kallon kwalta.

Sai ya fizge allon daga hannuna, ya zare lambobin duka ya watsar, ya zura haruffa uku na farkon sunan Sedrik da lamba ɗaya a gefe. Ya mayar mani ya ce, “Miƙa sosai.” Na miƙa har cikina yana kan katanga. Wannan karon na ga hular ta juyo. Na ji injin ya sassauta. A wannan zagaye Sedrik ya matso har hancin motarsa ya kusa taɓa bayan ta Lawali, na ce alhamdu lillahi a fili. Suka ɓace a bayan itatuwa, suka fito ta gaban rumfar ƴan kallo, sai na ji injin gaba ya sake buɗewa. Zagayen ƙarshe na miƙa allon da hannu biyu, ina kiran sunansa kamar zai ji. Bai ko juyo ba.

Lawali ya zo na ɗaya, Sedrik na biyu, ɗayan na uku. Kambu ya tafi wata ƙungiya. Daga rumfa ina jin guɗar matan Stains, guɗa ta gaske irin ta gida, a katangarmu kuwa ko tari babu. Ammi Sa'id ya fara naɗe wayoyi. Uban Sedrik ya sa safar hannunsa ya nufi motarsa bai yi wa kowa sallama ba. A kan dandamali Lawali ya ɗaga kofi sama, ba ya dariya. Sedrik ya miƙa masa hannu, ya karɓa, ba su dubi juna ba.

Ranar Litinin a Lyon na shiga buron Patron na faɗa masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe yana juya alƙalami.

“Zagaye uku laifinka ne,” in ji shi. “Biyun ƙarshe nasa ne. Ya iya karatu.”

“Ba a ba shi lokaci ba. Ni na hana shi lokacin.”

“Na ji. Amma uban Sedrik ya ce in zaɓa, ko Lawali ko sunan kamfaninsa a jikin motoci. Idan sunan ya tafi, in rufe ƙofa, kowa ya tafi gida, har da kai da Sa'id.”

“To ni ka kore ni, ka faɗa masa laifina ne.”

Ya yi wata dariya marar daɗi. “Habu, wa ya damu da mai wanke taya? Je ka, akwai kaya a kamyo ba a sauke ba.”

Ta wasiƙa aka sallami Lawali. Duk lokacin sanyin nan yana kiran ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya yaba masa, kowa ya ce zai kira. Duniyar tsere ƙarama ce kamar tashar Agadas, inda direban da aka ce ya taɓa barin ɗan'uwansa a daji ba ya sake samun lodi, ko da ba wanda ya ga abin da idonsa. Shi kuwa bai san an taɓa ba da wani saƙo ba. A zatonsa Patron ya shirya ne ya kunyata shi a gaban uwarsa.

Sai da na yi wata guda kafin in iya hawa jirgi zuwa Paris. Na isa Stains ranar Lahadi da azahar. Hajiya ta yi murna, ta kawo shinkafa. Kofin tseren yana kan talabijin, an shimfiɗa masa ɗan ƙyalle. Lawali ya rame, amma ya tsokane ni a kan rigar sanyina, wai ta ɗan makaranta ce. Muka ci. Da aka kwashe kwanoni na ciro katin kore na ajiye a kan tebur, na faɗa masa daga bayan kamyo har gyaɗa kai.

Ya daɗe yana kallon katin.

“Na ɗauka lamba ce ka zura a juye,” in ji shi. “Har na ce a raina Kawu ya tsufa.” Ya ɗago. “Yau ma sai da ka jira na gama cin abinci.”

Hajiya ta ce, “Ai haka ake yi. Ba a tarar mai tafiya da mugun labari. Malam Habu ranka ya duba.”

“Inna, on n'est pas à Zinder. Ba a Damagaram muke ba.” Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mani sauƙi. Ya juyo wurina. “Ka san abin da zan yi da ka faɗa mani ranar Asabar? Da na zage shi, da na fasa kofi ɗaya ko biyu, da na ƙi cin abinci. Da safe kuma in bar Sedrik ya wuce, don ni ba mahaukaci ba ne, na san wanda yake sayen tayar da nake ƙonawa. Kwana ɗaya kawai nake bukata in haɗiye. Kai kuma ka bar ni na ji shi a gudun ɗari biyu.”

“Na ji ka ɗaga ƙafa.”

“Na ɗaga. Sai na zo gaban rumfa na ga launin atamfa a wuri ɗaya, duk sun miƙe tsaye. Na ce yau ta fara zuwa, kuma yau ne mutumin nan ya zaɓa ya rubuta sunan wani a allona ba tare da ya ce mani komai ba. Ƙafar ta koma da kanta.”

Na ce ya yafe mani. Ya ce ya yafe, da sauri, kamar mai rufe ƙofa saboda iska. Na ce zan je wurin uban Sedrik, zan je wurin ƴan jarida. Ya ce, “Ka ce masu me? Cewa a ƙasarku ba a faɗa wa direba magana?” Ya ɗauki rigarsa ya fita. Hajiya ta bi ƙofar da kallo, sannan ta tura mani katin ta ce in ɗauke shi daga gidanta.

Na koma Lyon don ba ni da wani wurin zuwa. Shekara guda na ƙara ina riƙe allo ga wanda aka kawo a madadinsa, wani saurayi mai biyayya wanda bai taɓa zuwa kusa da gaba ba balle a ce ya ba da hanya. Sedrik ya ci kambunsa a wannan shekara ya hau aji na gaba. Ranar da zai tafi ya zo inda nake wanke taya ya ce in gai da Lawali, wai ya fi shi, kuma ya sani. Wannan saƙon na isar da shi a ranar, ta waya. Lawali ya ce ya gode, ya ce yana da ɗalibi yana jira. Ya zama mai koyar da tuƙi, yana zama kujerar dama yana ce wa mutane su taka birki.

Da Ammi Sa'id ya yi ritaya ya koma ƙasarsu, ni ma na haɗa kayana. Hajiya ta sa Lawali ya kai ni filin jirgi a motar koyarwar, mai allo a samanta. Hanya a buɗe take, amma bai ƙara ko kilomita ɗaya a kan abin da doka ta ce ba. Mun yi maganar sanyi, mun yi maganar tsadar kifi. Ya sauke mani jaka, ya ba ni hannu ya ce, “Malam Habu, Allah ya kai ka lafiya. A gai da gida.”

Tun da na dawo, idan aka ba ni mugun labari in kai, a tsaye nake faɗinsa, ko mutum yana da loma a hannu. Mutanen unguwa suna cewa zaman Turai ya cire mani kunya, ban taɓa yi masu bayani ba. Lawali bai sake shiga motar tsere ba, kuma bai sake kirana Kawu ba.